Dutsen Da Na Shafa Wa Haske

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, don haka na bar shi. Ni ɗan Ƙauran Namoda ne, daga gidan manoma gero da dawa, kuma kafin in lalace ba a taɓa kama ni da ko allurar wani ba. In faɗa muku gaskiya, ba tsabar tsoron Allah ba ne ya hana ni. Matsoraci ne ni tun ina ƙarami, ko akuya ta zabura sai gabana ya faɗi. Na gama sakandare da ƙyar, na samu aikin shara da wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata makaranta. Lokacin jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba, an kuma fara aiki da Shari'a, zancen bulala da yanke hannu yana bakin kowa daga tasha har mahauta.

Maigidana a wurin aiki shi ne Dakta Lawali, malamin kimiyya da ya dawo daga karatu a ƙasar waje. Mutum ne mai son bayani, ko bango ya samu zai koya masa darasi. Ina goge tebur yana ba ni labarin abubuwan da masu bincike ke fama da su a duniya, yau farantin da ke mai da hasken rana wutar lantarki, gobe zaren gilashi mai ɗaukar magana. Ni dai sai in ce to.

Wata rana da hantsi ya sa na rufe tagogi, ya fito da wasu 'yan kwalabe shida da ya zo da su daga can, kowace ba ta wuce ɗan yatsa ba. Ya kunna wata 'yar fitila mai shuɗin haske, irin wadda ake duba kuɗin jabu da ita. Nan take kwalaben suka kama haske kamar an hura wuta a cikinsu, wannan koriya, wannan rawaya, waccan ja wur. Na yi a'uziyya na nufi ƙofa.

Dakta ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Dawo nan, ba aljannu ba na. Abu guda na cikinsu dut, girma ɗai yab bambanta."

Ya yi mini bayani cewa a cikin ruwan akwai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ko dubu aka jera ba za su kai kaurin gashin kai ba. Sukan sha hasken fitilar su mayar da nasu. Mafi ƙanƙanta su ba da kore, masu ɗan girma rawaya, manyan cikinsu ja, kamar yadda ƙaramar ganga ke da siririyar murya babba kuma kakkaura. Ya ce masana na sa ran wata rana a yi gilashin talabijin da su, a kuma riƙa gano cuta a jikin mutum. Sai ya daina dariya ya nuna ni da yatsa ya ce, "Amma kak ka bari shi taɓa maka baki ko idanu. Akwai ƙarhe mai dahi cikinai." Na ji wannan gargaɗi da kunnena, ba zan ce ban ji ba.

Farkon abin, burga kawai na so in yi. Makullin kabad ɗin da ake ajiye kwalaben yana hannuna. Na zuƙi ɗigo biyu da sirinji, na ɗiga a kan wani farin dutse da na tsinta a rafi, na ari fitilar ba da sanin mai ita ba. Na tara abokaina a shagon wani tela, muka ja ƙofa, na haska. Dutsen ya yi ja kamar garwashi. Ni da ba a taɓa saurarona a majalisa ba, ran nan kowa bakina yake kallo. Wani direba a cikinsu ya ce ai masu haƙar duwatsun daraja za su sayi wannan da tsada. Na ce masa ba na sayarwa ba ne, amma maganar ta bi ni gida.

Bayan mako guda na sayar masa. Na sayi fitilata, na ci gaba da zuƙa ina cike gurbin da wani ruwan gwaji mai kama da shi. Kullum Dakta ya buɗe kabad sai in fake da shara in fita waje. Da na ga ja da koriyar sun fara dusashewa, zai gane, sai na sa su a aljihu gaba ɗaya, na ajiye makulli a kan tebur, ban sake komawa aiki ba.

Na zama ɗan cin kasuwa. Alhamis ina Shinkafi, wata rana Moriki, wata rana Zurmi. Nakan ja mutum gefe, mu lulluɓa da bargo da rana tsaka muna zufa, in haska masa dutse in ce daga wani rami aka tono shi, hasken a cikinsa yake. Ban cika komawa rumfa ɗaya sau biyu ba, domin dutsen ba ya haske sai da irin fitilata, na kuma lura idan ruwan ya bushe ya sha iska da rana, bayan 'yan makonni hasken mutuwa yake yi. Na yi sabbin riguna, na ci nama, amma ban ji daɗin ko loma ɗaya ba. In na ga 'yan agajin Shari'a da kakinsu sai in sauya hanya. Na daina bi ta mahauta, don ba na iya kallon mahauci yana raba gaɓa da wuƙa. Sau da yawa nakan tsinci kaina riƙe da wuyan hannuna na dama ba tare da na sani ba.

A kasuwar Shinkafi na haɗu da Malam Isiya, wani dattijo manomi daga wani ƙauye a bayan Zurmi. Ya shigo cikin bargon da bisimilla. Da ya ga koren hasken sai ya daɗe yana kallo. Bai yi ciniki ba, bai tambayi inda za a sake sayarwa ba. Ya ƙulle dutsen a bakin rawaninsa ya tafi yana sa mini albarka. Na ce a raina yau na samu bagidaje.

Bayan mako uku ina sayen rake a wannan kasuwa sai na ji an dafa kafaɗata. Na juya na ga Malam Isiya ne. Na ɗauka hasken ya dushe ya zo da hukuma. Ashe godiya ya zo yi.

Ya ce, "Ɗana, Allah ya haɗa mu. Wani dutsin ni ka so. Wancan mun niƙe shi cikin kwalli, mai ɗakina Hajo tana sawa sahe da marece. Hazo ya rufe mata gani shekara biyu, ta bar ɗinkin hula. Nic ce dutsin da Allah yas sa ma haske, ai shi ka maido hasken idanu."

Na ce, "Baba, a ido take sawa?"

Ya ce, "Ƙwarai. Tana kukan raɗaɗi, idanun sun yi ja, amma mun san magani na aiki na."

A wurinmu dutse ake niƙawa a yi kwalli tun kakanni, don haka abin da ya yi ba hauka ba ne. Ni ne ban taɓa kawo shi a raina ba. Na tsaya da rake a hannu, maganar Dakta tana yi mini amo a ka. Kalma uku kawai ake bukata in faɗa, a daina sawa. Amma in na faɗa zai tambayi dalili, dalilin zai kai ga kwalba, kwalba ta kai ga kabad, kabad ya kai ni gaban alƙali. Na dubi hannuna. Na ce masa duwatsun sun ƙare, ya neme ni wani lokaci. Ya ce ba komai, akwai saura a tandun kwalli da zai kai su wata guda.

Kwana goma sha huɗu na yi ina ɗauke da wannan magana. Ku riƙe wannan adadi, don shi ne laifina mafi girma. Na kasa cin abinci, na kasa natsuwa a salla. Kowace safiya na san yanzu wata baiwar Allah tana tura tsinken kwalli a idonta. Sau biyu na je tasha na shiga motar Zurmi, sau biyu na sauka kafin ta cika. Na yi tunanin aika saƙo ta hannun direba, na ji tsoron ya gane ni. Na riƙa lallashin kaina cewa ɗigo ɗaya ne, wataƙila ba zai yi komai ba. Tsoro ya mai da ni abin da ko ɓarayin gaske za su tofa wa yawu.

A rana ta goma sha huɗu na kasa jurewa. Na je gidan Dakta bayan azahar, na same shi a zaure. Ya dube ni sama da ƙasa. Na durƙusa na fara kame-kame, wai wani ne ya tambaye ni, in abin nan ya shiga ido me zai faru.

Ya ce, "Bar wani. Idon wa?"

Na faɗa masa komai ina kuka. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ɗauki makullin motarsa ya ce in shiga gaba in nuna hanya. Muka yi ta tambaya daga Zurmi har muka isa ƙauyen da la'asar. Muka sami Hajo zaune a inuwar rumbu, an ɗaure mata fuska da tsumma, ƙudaje na bin ruwan da ke zuba. Dakta ya karɓi tandun ya sa a aljihu, ya ce wa Malam Isiya a ɗauko ta yanzu. Dattijon ya dube ni da murmushi ya ce, "Ɗana, likita ka kawo muna?" Dakta ne ya gaya masa ko ni wane ne.

A asibiti a Gusau likitan ido ya ce garin dutsen ya kakkarce idanun, gyambo ya ci na dama har ya mutu, na hagu kuma sai abin da Allah ya yi. Ya ce ciwonta na asali yanar ido ce, wadda ake cirewa cikin ɗan lokaci mutum ya koma yana gani. Ya ƙara da cewa da an kawo ta mako biyu da suka wuce, da akwai fata a kan duka biyun. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji. Daga nan aka kira 'yan sanda suka tafi da ni.

Ranar shari'a ba da ƙafata na shiga kotu ba, riƙe ni aka yi. Alƙali ya tambayi Dakta ko fasa kabad na yi. Dakta ya ce a'a, shi da kansa ya ba ni makulli. Alƙali ya yi ta duba littafi, ni kuwa ina jin bugun jini a wuyan hannuna. Daga ƙarshe ya ce wanda aka ba amana ya ci, hukuncinsa ba yanke hannu ba ne. Ya yanke mini bulala da ɗaurin shekara uku saboda cin amana da zamba da cutarwa. Wallahi daɗi na ji, har na kusa yin murmushi. Sai na ɗaga kai na ga Malam Isiya a benci yana kallona. Kunyar wannan daɗi ba ta sake ni ba har yau.

Gidan yari ba sai na ba ku labari ba, yunwa ce da ƙwarƙwata da zafi. A can na koyi aikin kafinta, a can kuma na fara salla ta gaskiya. Da aka sake ni ban wuce gida ba sai da na je ƙauyen. Malam Isiya ya rasu ina ɗaure. Na sami Hajo a tsakar gida tana sussukar gero da lalube, idon hagu yana ganin inuwar mutum kawai. Na durƙusa daga nesa na faɗi ko ni wane ne, na roƙi gafara.

Ta dakata da sussukar. Sannan ta ce, "Saida dutsin na yahe maka, mu ma da namu ganganci. Amma an ce mani ka sani, kay yi shiru sati biyu. Wannan ban kai ga yahe shi ba tukuna. Tashi ka tahi, in Allah ya sanyaya mani zuciya ni aiko."

Shekaru sun wuce, ina nan Ƙaura ina haɗa benci da ƙofa da hannuwana biyu. Ba ta aiko ba, ban kuma ga laifinta ba.

Ku matasa, musamman ku da aka ba makullin wani wuri, ko kuke zaune kusa da masu ilimi. Kada ku ɗauki abin da ba naku ba ko da ɗigo ne, ko da don a yaba muku ne a majalisa. Abin da mai ilimi ya ce muku guba ne, kada ku miƙa wa wanda bai sani ba, domin ba ku san me zai yi da shi a gidansa ba. In kuwa kun riga kun yi ɓarna, kuka ji tana cin wani, ku je ku faɗa a ranar da kuka ji, ko me za a yi muku. Ni na jira kwana goma sha huɗu ina tattalin hannuna, wata ta biya da idonta.