Gwangwani Na Biyar

Duk layin an san Yaya Babba maɗinkiya da tsari. Shekara goma sha bakwai tana kan keke ɗaya, a shagon da bai fi faɗin tabarma biyu ba, tun da mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Ba ta yi boko mai nisa ba, amma wajen tattali ko akanta sai ya sara mata. Gwangwanayen madara huɗu ta jera ƙarƙashin gado: na haya, na cefane, na wuta da ruwa, na makarantar yara. Duk abin da ya shigo, ko na facin wando ne, sai ta raba shi kafin ta sa loma a baki. Na biyar ya zo daga baya, ranar da likita ya ce yanar ido ta fara rufe mata gani, ya rubuta mata kuɗin aiki a takarda.

Abin da ba a gaya wa mai tattali shi ne, dangi ma suna nasu lissafin. Ƙaninta direba, wanda albashi ba ya kwana uku a aljihunsa, ba wanda ya taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wa zai zura guga a busasshiyar rijiya? Ita kuwa kowa ya san ba ta rasawa. Gwangwanin ido ya kusa cika, matar ƙanin ta zo haihuwa sai da aka yi mata tiyata. Ya sake tasowa, rufin ɗakin Inna, mahaifiyarsu, ya rufta. Ba za ta taɓa na haya ba, ba za ta taɓa na yara ba, sai nata.

"Yaya, ai ke ce mai tsari," in ji ƙanin yana sosa ƙeya. "Mu kam Allah bai ba mu wannan kan ba."

Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Abin yana ci mata rai, amma ba ta iya cewa babu alhali akwai.

Shekara huɗu aka yi ana haka. Zare ya daina shiga allura sai 'yarta ta zura mata. Ɗinki ya fara karkacewa, masu kawo aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya, suna gaishe ta daga nesa. Da kyar da jiɓin goshi ta haɗa kuɗin cif, ta ɗaure a leda, 'yar ta riƙe mata hannu har asibiti.

Mai karɓar kuɗi ya juya takardar da ta sha ninki, ya dube ta da tausayi.

"Mama, wannan farashin da ne. Yanzu ya ninka sau uku."

Ta zauna a kan bencin waje. Ta yi lissafi a ka, don nan ba ta kuskure: da ɗinkin da take samu yanzu, shekara tara ne, in farashin ya tsaya ya jira ta. Ba ta yi kuka ba, gajiya ce kawai ta sauko mata har ƙashi.

Waya ta yi ƙara. 'Yar ta duba, ta ce kawu ne, ta kara mata a kunne.

"Yaya, ya jiki? An yi aikin?"

"Ba a yi ba."



"To... kuɗin suna nan ke nan? Wallahi mai gidan haya ne ya sa ni gaba."

"Suna nan," ta ce. "Ka biyo da yamma."