Layar Ƙaiƙayi

A shekarun yaƙin basasa na yi imani cewa duk ƙaryar da aka yi wa dariya a bainar jama'a ta mutu. Ina ɗalibin jami'a a lokacin, kuma ra'ayin yana yi mini daɗin faɗa.

Maƙwabcinmu a Koki ɗan wasan kwaikwayo ne. Bai taɓa fitowa a jarumi ba: shi ne dillali, shi ne mai unguwa kurma, shi ne baƙon da ba ya sallama sai an sauke tukunya. Da wannan sana'a yake ciyar da gidansa, kuma yana son ta fiye da yadda ya dace dattijo ya nuna.

Da aka fara ɗibar samari aikin soja, masu sayar da maganin bindiga suka buɗe kasuwa. Ƙungiyar wasansu ta nemi in rubuta abin da zai tona asirinsu, na ba maƙwabcin namu matsayin malamin ƙarya. Ya naɗa rawani kamar gammo, yana zane a yashi, yana tofi a kan layun da muka cusa wa ƙaiƙayi. A wani fili kusa da Ƙofar Wambai aka yi dariya har da riƙe ciki. Na koma gida ina ganin na wayar da kan birni.

Washegari da hantsi samari suka cika zaurensa, takalma a waje.

"Malam, irin layar jiya muke so," in ji babbansu.

"Wane Malam? Ni da ban haɗa izu biyu ba? Ƙaiƙayi ne a ciki, 'ya'yana."

"Haka na gasken suke cewa."

Wata Hajiya daga Shahuci ta zauna ta ce ba za ta tashi ba sai an ba ɗanta da zai tafi aikin soja. Ya miƙa mata ɗaya don ya samu ya karya kumallo. Bayan 'yan watanni yaron ya dawo hutu ko ƙwarzane babu. A ɗakin girkin bariki aka ajiye shi, amma ba wanda ya tambaya.

A wasa na gaba ya fito a dillali, ya yi tuntuɓen da ya saba, har hularsa ta faɗi. Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijo ya taso ya ɗauko hular, ya kaɗe, ya miƙa masa da hannu biyu.

Har yau ban san ko rubutuna ne ya gaza ko wasansa ne ya yi yawa ba. Ƙungiyar ta sallame shi cikin ladabi. Ya rayu shekaru bayan yaƙin ana gaishe shi a durƙushe, bai sake hawa dandali ba.