Abin Kunnen Zuliha Mai Inji

Duk wanda ya taɓa kai niƙa bayan kasuwar Warra ya san Zuliha mai inji. 'Yar Gungawa ce, a tsibiri aka haife ta, kuma tana goye a bayan uwarta aka kwaso su zuwa tudu, lokacin da ruwan madatsar Kainji ya cinye garinsu. A Warra ta yi aure, ta haihu, uku suka rayu. Da mijinta Mati ya rasu, dangi suka ce a sayar da injin niƙan da ya bari. Ita kuwa ta ci ɗamara ta koyi tayar da shi da kanta. Dawa, masara, waken ƙosai, tattasai, duk ta hannunta suke bi.

Injin ya ciyar da gida, amma ya cinye mata kunne. Abin bai zo a rana ɗaya ba. Da fari muryar yara ce ta ɓace mata, sai ta mata, daga baya har kiran salla ya zama sai ta dubi inuwa. Ta koyi kallon baki, ta koyi gyaɗa kai, ta koyi yin dariya idan ta ga ana yi. Mutane suka rage yi mata magana, sai nuni da hannu: mudu nawa, gari ko tsaki.

Mutum ɗaya ce ba ta rage ba. Grace, maƙwabciyarta, Kirista ce 'yar Kambari mai bandar kifi, ita ma mijinta ya rasu, ɗanta Enoch kuma yana aikin gini a Abuja. Kullum bayan la'asar, in an kashe inji, Grace takan jawo kujerarta zuwa gindin dalbejiyar ƙofar Zuliha, su zauna kafaɗa da kafaɗa suna ɓarar gyaɗa ko tsintar wake. Grace ta yi ta magana, Zuliha ta yi ta gyaɗa kai. Shekaru suka yi a haka.

Bara, bayan an ɗauke ruwa, babban ɗanta Abdulƙadir, wanda ke koyarwa a Yelwa, ya matsa sai da ya kai ta asibiti a Sakkwato. Aka auna ta, aka ba ta na'urar ji guda biyu, kowace ba ta fi ƙwayar dabino ba, mai ɗan lanƙwasa da ke hawa bayan kunne. Likita ya ce ta riƙa sawa kaɗan-kaɗan, ta tsare su daga ruwa, kuma ta cire in za ta tayar da inji.

"Inna, kina jina?" in ji Abdulƙadir.

Ta zabura. "Kai! Mi ya sa kake mini tsawa?"

Ya yi dariya har da hawaye. Ita ba ta yi ba, domin muryar da ta fito daga bakinta ma baƙuwa ce a wurinta, ta tsufa ba ta sani ba.

Abin da ta zata shi ne za a mayar mata da duniyar da ta bari. Abin da aka ba ta hayaniya ce. Ɗankwalinta in ya goga kunne sai ta ji kamar ana yaga buhu. Taunar goro ta zama aradu a cikin kanta. Kaji, cokali a kwano, babura, duk a gaba suke, maganar mutum kuwa tana can baya. Na'urar hagun kuma takan yi fito in ta juya kai. Kafin azahar kanta ya ɗauki ciwo. Sai ta cire su ta jefa cikin gwangwanin man shafawa, ta ce wa surukarta Hadiza kada a faɗa wa kowa, ba ta son a zo kallonta.

Ta fi mako tana gwadawa a cikin ɗaki kawai. Ranar da ta fara fitowa da su, ta ja ɗankwali ta rufe kunnuwanta, ta zauna gindin dalbejiya. Nufinta ta ba Grace mamaki: ta bari ta yi nisa da zance, sannan ta amsa mata.

Grace ta zo, ta zauna, ta ɗauki gyaɗa. Muryarta siririya ce, ba yadda Zuliha ta tuna ba. Ta fara da tsadar itace, ta koma kan masunta da suka ce kifi ya yi ƙasa. Zuliha na shirin buɗe baki sai Grace ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Abin nan ya ƙara girma, Zule. Jiya da na ɗaga hannu in rataya kifi sai da na zauna. Tun damina nake faɗa miki. Ƙullutun ga na nono, haka ya fara wa innata." Ta watsa ɓawo gefe. "Enoch ba zai ji ba. In ya ji zai bar aikinsa. Ke kaɗai na faɗa ma, tunda ke rijiya ce."

Hannun Zuliha ya tsaya. Nan take ta gane cewa duk shekarun nan ba hira ake yi da ita ba, ajiya ake ba ta, kuma an ba ta ne saboda ba za ta iya ɗauka ba. Tana iya gyaɗa kai kamar kullum, ta tashi ta shiga gida, ba wanda zai sani. Ta gyaɗa sau ɗaya ma, don sabo. Amma ta ga in ta yi haka yau, gobe ma sai ta yi, kuma daga nan ta zama mai laɓe a ƙofar gidanta.

Ta ajiye faranti, ta ɗage ɗankwalin, ta juya kunnenta wajen Grace.

Grace ta daɗe tana kallon abin. "Tun yaushe?"

"Da ke, yau ne farko. Wallahi yau ne."

"Shi ne kika rufe."

"Na so in ba ki dariya. Ban san abin da za ki ce ba."

Grace ta tattara gyaɗarta a haɓar zani, ta ɗauki kujerarta ta tafi.

Washegari ba ta zo ba, jibi ma haka. Zuliha ba ta faɗa wa kowa ba, har Hadiza. Ta mayar da na'urorin gwangwani, ta ce ba alheri a cikinsu. Amma shirun da ta saba da shi ya daina yi mata daɗi, domin maganar tana ciki tana juyawa.

Ranar Litinin ba ta tayar da inji ba. Ta sa su duka biyu, ta ɗaura ɗankwali a sama yadda kowa zai gani, ta shiga gidan Grace ta same ta gaban tukunyar banda.

"Maman Enoch, ban zo neman afuwa ba, wannan sai kin huce. Mota na tashi zuwa Yelwa da hantsi. Ni na san hanyar asibiti yanzu, na san yadda ake bin layi."

"In suka ce shi ne fa?"

"Sai mu ji tare. Kunne huɗu gare ni."

Grace ta yi tsaki, ta kau da kai, amma ta shiga ta sake zani.

Daga Yelwa aka tura su Sakkwato. Shi ne ɗin, ciwon daji. Aka yi aiki, aka ɗora ta kan magani mai wahalarwa wanda ya zubar mata da gashi. A ɗakin likita Zuliha ce mai tambaya, kuma in maganar ta tsere mata ba ta gyaɗa kai, sai ta ce, "Likita, sake faɗa, a hankali." Ba ta taɓa kiran Enoch ba, ko da yake ta yi ta cewa ya kamata ya sani. Grace ce da kanta ta kira shi kwana biyu kafin aikin, ya zo ya kwana a barandar asibiti.

Yanzu Hadiza ce ke riƙe da inji, tana toshe kunne da auduga saboda Zuliha ba ta barin ta tayar sai ta gani. Zuliha ta saba da na'urorin, ban da ranar kasuwa, da har yau take cire su. Grace ta rame, ba ta koma banda ba tukuna, kuma likitoci ba su ce an gama ba. Zancenta ya ragu, akwai abubuwan da ta daina faɗa, Zuliha kuma ba ta tona. Sun kuma gano cewa ra'ayinsu ya bambanta a kan abubuwa da yawa, tun daga tarbiyyar jikoki har yawan barkonon da ya dace da miyar kifi, kuma sukan yi musu har Hadiza ta leƙo.

Wata mai zuwa za su koma Sakkwato a sake duba Grace. Zuliha ta riga ta yi wa direba magana ya ajiye musu gaban mota, domin hanyar tana jijjiga mara lafiya.