Baba Yona da Katin Hajiya Rahmatu

Tun kafin masu shayi su gama wanke kofuna, keke kan sauke Baba Yona daga Maitumbi, ya buɗe ɗan shagonsa a Tudun Wada. Abu na farko da yake yi shi ne jawo teburin aikinsa bakin ƙofa, inda duk mai wucewa zai ga hannunsa. Ba don shan iska ba ne. Mai gyaran kwamfuta a garin nan kallon mahaucin da ya juya baya yana auna nama ake yi masa. Ka kai masa kayanka kana murmushi, zuciyarka kuwa tana cewa zai cire mai kyau ya sa maka matacce.

Yona ya san haka tun ranar da ya zo daga Zonkwa da jakar sukundireba. Malam Ladan, mai gidan da shagon yake, ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: "Ni ba ruwana da inda ka fito. Amma ranar da aka kama ka da canza wa wani kaya, ranar za ka bar min shago." Shekaru sun tafi, gashin Yona ya yi fari, maganar nan kuwa tana nan daram a kansa.

Baba Yona, kai ne ba ka taɓa buɗe kwamfutar mutum ba sai mai ita na zaune. Kai ne kake ƙulle mataccen abin da ka cire a leda ka miƙa wa mai shi, ko ya ce ka zubar. Duk da haka ba mu fasa sa maka ido ba, don mu mutane ne masu wuyar sha'ani.

A cikinmu kuwa babu kamar Hajiya Rahmatu, mai haɗa bidiyon biki da walima. Wani mai gyara ya taɓa yashe mata kwamfuta, tun daga nan ko mai ɗinkin takalmi ba ya tsira daga hararta. Kwamfutar da take aiki da ita tsohuwa ce, 'yar siririya irin ta ofis, kuma ta fara gajiya. Amarya na tafiya a sikirin sai ta ƙame, baki buɗe. Aka ce mata katin hoto za ta canza, wanda masu sana'ar ke kira girafik. Ta je ta sayo wani ƙato mai fanka biyu, ta dire shi gaban Yona.

Ya buɗe kwamfutar, ya nuna mata cikin. "Hajiya, duba da kanki. Rami ɗaya ne kawai, kuma gidan ya yi siriri. Wannan ko ya shiga, murfi ba zai rufu ba. Akwatin wutan ma ba zai iya ɗaukansa ba. Ki mayar, ki karɓo gajere, wanda ba ya neman wayan wuta daban."

Ta kalle shi sheƙeƙe. "Wato in mayar da babba in karɓo ƙarami? Baba Yona, kai da mai shagon can kun san juna ne?"

"Ban ma san wane shago kika je ba, Hajiya."

"Haka dai kuke cewa."

Ta tafi tana ƙunƙuni, ta zaga wurin wasu masu gyara, kowa ya maimaita mata abin da Yona ya faɗa. Wannan bai kwantar mata da hankali ba, sai ma ta ce bakinsu ɗaya. Amma aikin walimar da ta karɓa yana jiranta, dole ta dawo da gajeren katin.

Ƙarfen bayan katin ya ɗan yi tsayi, sai Yona ya juya ya jawo aljihun tebur, ya lalubo gajeren ƙarfe ya ɗaura masa. Ya zura katin a raminsa, ya kunna. Fanka ta juya, sikirin kuwa baƙi ƙirin. Ya kashe, ya sake kunnawa. Shiru.

Hajiya ta miƙe tsaye. "Na faɗa! Lokacin da ka juya ka buɗe durowar nan ka canza min kati! Sabo fil na kawo, ka sa min gawa!"

Kafin ka ce me, masu keke da mai lemo da masu dawowa daga sallar azahar sun cika ƙofar. Malam Ladan ya ratso su, ya tsaya bakin teburin yana kallon hannun Yona. Yona ya ɗaga kai. Ya ga mutanen da ya yi wa aiki shekara da shekaru suna leƙen aljihun teburinsa, kowa na tuna ranar da ya kawo nasa gyaran. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya zare katin. Idonsa ya riga ya fara rauni, bai ga komai ba. Da ya matso da shi kusa da fuska, sai wani wari ya bugi hancinsa, warin da ya sani a ɗakin 'ya'yansa mata ranar Lahadi da safe.

"Hajiya, naki yana da alama?"

"Da ni wawiya ce? Na sa masa janfarce mara launi, a inda ba za ka gani ba."

"To karɓi, ki duba ko yana nan."

Ta fizge katin, ta karkata shi ga rana. Ga alamarta nan tana ƙyalli, shafe a kan 'yan haƙoran nan masu ruwan zinare, wato daidai inda katin ke haɗuwa da kwamfuta wuta ta ratsa. Janfarcenta ne ya tare wutar.

A nan ne, Baba Yona, ka nuna ko kai wane ne. Ga taro, ga wadda ta kira ka ɓarawo, ga kuskurenta a tafin hannunta. Kalma ɗaya za ka faɗa unguwa ta yi mata dariya har ta tsufa. Sai ka ce, "Alaman ya yi aikinsa, Hajiya, katinki ne. Yanzu a share shi wuta ya samu hanya." Ka aika aka karɓo ruwan goge farce wurin mai kitso, ka jiƙa auduga, ka miƙa mata. Ba ka goge da hannunka ba, don ka san in kai ka goge, gobe za a ce ka ɓatar da shaida.

Ta goge a hankali, kanta a sunkuye. Da ya bushe aka mayar, sikirin ya kawo haske, amarya ta yi tafiyarta sumul. Malam Ladan ya juya ga taron ya ce, "To, kallon me kuma ake yi?"

Hajiya Rahmatu ba ta ba da haƙuri ba, ba halinta ba ne. Washegari dai an ga kwanon masa da miya a kan teburin.

Yanzu idon ya ƙi, Baba Yona zai tattara ya koma gida ƙarshen shekarar nan. Da labari ya kai wa Hajiya, sai ta yi tsaki ta share ido da gefen mayafi. "To yanzu wa zan kai wa kayana? Shi kaɗai ne nake zargi in koma gida in yi barci."

Mun gode, Baba Yona, mai hannu a fili. Masu gyara na bayanka, ku yi aiki a gaban mai kaya, ku kuma rufa masa asiri ranar da laifin ya zama nasa. Mun tuhume ka iya ƙarfinmu, ba mu samu komai ba. Allah Ya kai ka Zonkwa lafiya, Ya yafe mana.