Ranar da Inna ta faɗi sunana a Damagaram

Fita daga Matamaye

Mun fito bayan sallar asuba, ni da Inna mahaifiyata. Ƙanena Sani, da ke cin rani a Kano, shi ya matsa a kai ta wurin likitocin da ke duba tsofaffi a Damagaram. Ya ce Inna ta fara ruɗewa, tunda ta bar tukunya a wuta har ta ƙone. In likita ya tabbatar, zai ɗauke ta ta koma Kano wurin matarsa. Ita kuwa ta ce ɗakinta da awakinta sun ishe ta.

A tasha direba ya ba ta gaban mota. Ya ce, "Iya, a ɗaga ki?"

Ta ce, "Ɗaga buhunka, yaro."

Ta kama ƙofa ta hau da kanta.

Hanya

Mun wuce Kance rana na fitowa, masu rake sun jera kaya a bakin titi. A shingen jandarma aka duba katin Inna. Jandarman ya ce ba a rubuta mata wata ko ranar haihuwa ba, shekara ce kawai aka kintata. Ta ce ita dai an haife ta da kaka, gero na tsaye.

A Takeita muka sha fura. Ina kallon hannunta a kan ludayi, jijiyoyi duk sun fito. Ni ce ƴar farinta, tun ina jaririya aka miƙa ni ga kakata a Kurni. Ban taɓa kwana a bayanta na sani ba, ban kuma taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, ko "waccan". Al'ada ce, na sani. Sanin bai hana ni kwaɗayi ba.

Damagaram

Da hantsi muka isa. Likitan saurayi ne mai fara'a. Ya ɗebi jininta, ya yi mana bayani a hankali: shekarun takarda daban, tsufan jiki daban, kuma akwai alamu a jini da ke nuna yadda jiki ya tsufa. Ya ce suna so su ga ko alamun suna tafiya tare da ƙarfin gaɓɓai da kaifin tunani. Sakamakon jinin sai daga baya.

Ya ba ta wani ƙarfe ta matse. Ya sa ta tashi daga kujera ba dafawa, ta je bango ta dawo. Ta ce, "Wannan ai ko zuwa rijiya bai kai ba."

Sai ya koma gwajin tunani. Ta faɗi ranar da muke ciki, da garin da muka fito. Ya nuna ni.

"Iya, wannan wace ce?"

"Ta gidanmu ce."

"Yaya sunanta?"

Inna ta sunkuyar da kai. Likita ya jira, ya sake tambaya, fuskarsa ta sauya. Na buɗe baki zan yi bayani, sai ta dafa gwiwata. Ta gane abin da shirunta zai jawo, ta gane Kano ce ke jiranta.

Ta ce, "Mariama." A hankali, tana kallon ƙasa. "Ranar Laraba na haife ta, ana ruwa."

Likitan ya dube ni, ya dube ta. Ya ce, "Ƴar fari ce? Iya, ki gafarce ni." Ya ce bai ga ruɗewa ba, tana iya zama a ɗakinta, a dai riƙa leƙa ta.

Komowa

Mun shigo Matamaye ana kiran magariba. Na kira Sani na faɗa masa, ya ce to, Allah ya ƙara lafiya.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa direba da likitan nan. Da na juya zan tafi gidana, Inna na ɗaure akuya, ta ce, "Ke, gobe ki zo da wuri."

Na ce to. Duk hanya ina maimaita yadda ta faɗi sunana.