Layin Kurayyat a Takardar Tela

Kawu Ya'u shekararsa saba'in da ɗaya, tela ne a unguwar Sharafiyya, can ƙasa mai tsarki, kuma bai taɓa riƙe iƙama, takardar izinin zama, da sunansa ba. Umra ya zo, ya zauna.

A tsohon layinsu na Kurayyat ba a ɗaukar hoto. Wanda ba shi da takarda ba ya son fuskarsa a wayar kowa, Kawu kuwa ya fi kowa tsanani a kan haka. Ranar da 'yarsa Sajida ta ɗauki hoton uwarta Bara'atu a bakin tandar waina, sai da ya karɓe wayar ya goge.

Bara'atu ta rasu. Ba a daɗe ba aka rushe layin, aka kwashe har ɓaraguzai.

Bara, wani ɗan Sin mai sayar da yadi ya kawo masa wani dogon zane a naɗe, kwafin tsohon aikin ƙasarsu, yana so a ɗinka masa jaka. Ya warware masa kaɗan-kaɗan daga dama, yadda ake karanta Larabci. Gari ne sukutum: gada maƙil da jama'a, 'yan dako, mai aski da wanda yake yi wa, wata mata tana leƙe ta taga.

"Duk sun mutu?" in ji Kawu.

"Tun ɗaruruwan shekaru."

Kawu ya daɗe yatsansa na kan matar tagar.

Tun daga nan ya samo doguwar takardar da teloli ke yanka fasali, ya fara zana layinsu da allin ɗinki, shi ma daga dama. Bai iya zane ba. Ya sa masallaci, ya sa motar ruwa, ya sa kantin Hamad da Hamad a ƙofa.

"Ya Baba, wannan Ammu Hamad ne ko bunsuru?" in ji Sajida.

"Ai kin gane shi, ja'ira."

Da zanen ya iso ƙofar gidansu ya zana tanda, kujera 'yar tsugunno, ɗaurin kallabi. Fuskar Bara'atu ce ta ƙi. Ya goge har takardar ta yi laushi.

Juma'ar da ta wuce ya sa Sajida ta bi tsofaffin maƙwabta a waya, ko akwai wanda ya saɓa masa ya ɗauki hoton Bara'atu a ɓoye.

"Wallahi ma fi, Baba, babu ko ɗaya. Kowa yana jin maganarka."

Ya gyaɗa kai. Ya bar wurin fuskar fili, ya jawo takardar, ya shiga zana gidan gaba.