Gurbin da Na Bari a Littafin Malam Babayo

Shekara goma sha ɗaya da wata huɗu ke nan rabona da Bauchi. Ina Jidda, a bayan keken ɗinkin wani, kuma a nan labarin ya riske ni ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, bayan la'asar: Allah ya karɓi ran Malam Babayo na Ƙofar Dumi, tsohon ma'aikacin haraji, bayan jinyar kwana tara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yarsa Khadijatu ce ta turo mini saƙon. Na ajiye almakashi na zauna, har mai shagon ya tambaye ni ko mahaifina ne. Na ce masa a'a, mutumin da ya taɓa rufe mini shago ne.

Malam, ban yi niyyar rubuta komai ba. Na yi maka addu'a, na so in tsaya a nan. Amma tun ba a share makokinka ba na ga abin da ake rubutawa a zauren Wasaf na 'yan unguwa. Wani ya ce mai kwaɗon kulle shaguna ya tafi. Wani ya ce yau za ka ga naka rasit. Sannan aka jawo sunana: wai ka kulle shagon Ɗanlarai tela ana saura kwana biyar Sallah, ka kore shi daga gari, sai Allah ya saka masa, ya kai shi ƙasar da ba a biyan haraji, ga shi can ya zama mai kuɗi. Ni aka mayar da sandar dukan gawarka. To ban yarda ba. In ana neman shaida a kanka, ni ne wanda aka ce an zalunta, sai a saurare ni.

Ka rufe mini shago, wannan gaskiya ne, kuma ba zan wanke ka a kansa ba. Ana gab da Babbar Sallah ta 2012 ka zo da jakarka ta fata da ta ƙoƙe a gefe, ka ce in nuna rasit na kuɗin shago na shekara biyu. Ba ni da shi. Ba kuwa don ban biya ba. Na biya rabi, sau biyu, a hannun wani abokin aikinka, irin cinikin da kowa a layinmu ya sani: ka ba da rabi, a bar rasit, kowa ya huta. Kai kaɗai ne ba a yin wannan ciniki da kai, shi ya sa in aka hango ka daga bakin lungu sai a fara saukar da ƙyaure. Ka ce in faɗi sunan wanda ya karɓa, ka bi mini haƙƙina. Na ƙi, don maƙwabcina ne. Ka sa kwaɗo. Kayan Sallar mutane ashirin da uku na ciki. Kwana uku kafin ka buɗe, kuma kwana uku a makon Sallah ba ƙaramin abu ba ne a wurin tela. Yara sun je Idi da tsofaffin kaya, iyayensu ba su sake kawo mini ko ɗinkin aljihu ba. Kafin wata uku na sayar da kekuna biyu na biya kuɗin biza. Na bar gari ina rantsuwa sai mun tsaya da kai a gaban Allah.

Wanda ya karɓi rabin nan yana cikin zauren Wasaf ɗin, kuma da hannunsa a maganganun da ake yi. Ban faɗi sunansa a lokacin ba, yanzu ma ba zan faɗa ba. Yana karanta wannan.

Abin da ya ja ni Saudiyya magana ɗaya ce da kowa ke yi a majalisa: can ba a taɓa albashin mutum. Haka ne kuwa, har gobe ba a cire ko riyal ɗaya da sunan harajin albashi. Shekara biyar ina alfahari da wannan. Sai a farkon 2018 aka sa harajin kaya, biyar cikin ɗari a kan kusan duk abin da mutum zai saya. Ba a yi mako biyu ba wayata ta yi ƙara, lambar Najeriya. Na ɗauka, na ji muryar da ban manta ba.

"Tela, Babayo ne. Na ji ƙannena sun iso muku har Jidda. Sun kawo kwaɗo, ko hannu rabbana suka zo?"

Na kashe wayar. Ka sake kira washegari, na ƙi ɗauka. A rana ta uku ka bar saƙon murya, ka ce ba faɗa ya sa ka neme ni ba, hoton rasit ɗin kanti kawai kake so, kowanne ne, ko na sabulu. Sai a ƙarshe, kamar wanda ya tuna da mantuwa, ka ce: "Kuma maganar shago, da na bari an yi Sallah. Doka tana gefena, amma lokacin bai dace ba. Ka yafe mini." Ban amsa wannan ba. Na dai tura rasit ɗin shinkafa da man girki, don in nuna maka biyar cikin ɗari ba komai ba ne kusa da abin da kuke yi wa mutane a gida.

Ashe littafi gare ka. Littafin makaranta mai bangon kwali, ka ja layuka da biro ja. Duk ɗan Bauchi da ka ji yana wata ƙasa sai ka nemi lambarsa ka dame shi. Hammajoda direba da ke Garwa ta Kamaru ya turo maka nasa, sha tara da ɗoriya cikin ɗari a kan kaya. Comfort, ma'aikaciyar jinya a Ingila, ta turo takardar albashinta. Kowa da shafinsa, kowane shafi gida huɗu: abin da mutum ke samu, abin da ake cirewa kafin kuɗi ya shigo hannunsa, abin da ake ci a kanti ba tare da ya lura ba, sai gida na huɗu, abin da ya rage masa. Mutane suna cewa tsufa ne ya fara taɓa ka. Ni ma na faɗa.

Ka kan ce harajin albashi ɓarawon rana ne, kana ganinsa, kana jin haushi, kuma haushin kan sa ka tambayi ina aka kai kuɗin. Na kaya kuwa ba ya sallama, kuma bai san mai kuɗi da talaka ba: abin da darakta zai biya a kan sabulu shi mai wankau zai biya, alhali darakta yana ajiye rabin albashinsa inda harajin ba ya kaiwa, mai wankau kuwa duk abin da ya samu a kanti yake ƙarewa. Na ce maka wannan surutun ma'aikaci ne. Da aka wayi gari a tsakiyar 2020 biyar ɗin nan ta koma goma sha biyar, har a kan burodi da madara, ban jira ka kira ba, ni na kira.

Ka sa ni na zauna na faɗa maka komai. Albashina riyal dubu ɗaya da ɗari shida. Kafilina, wanda takardar zamana ke hannunsa, yana zare ɗari uku duk wata, ya ce na sabunta igama ne, wato ita takardar, ba rasit, ba tambaya. Sauran in ban da kuɗin ɗaki da abin da nake aika wa mahaifiyata, a kanti yake tafiya. Na ji ƙarar biro a takarda, sannan ka yi dariyar nan taka mai haɗe da tari.

"Tela, a ƙasar da ba haraji ana cin ashirin da biyar cikin ɗarinka. Comfort da take kukan Turawa sun yanke ta, wajen ashirin suke cire mata a albashi, kuma yawancin abincin da take saye ba haraji a kansa. Sannan ita tana da takarda. Kai ka gudu daga rabi ba rasit, ka je ka faɗa duka ba rasit."

Na ji zafin maganar har kwana biyu. Amma ban sami inda zan ƙaryata ta ba.

Masu cewa kai maƙiyin talaka ne, su je bakin barikin Shadawanka su tambayi Liatu mai tumatir, mahaifiyar Comfort, matar soja da mijinta ya rasu. Tikiti uku take yanka kullum, naira ɗari ɗari, daga hannun mutum uku daban, a ribar da ba ta wuce dubu ɗaya da ɗari biyar ba ran da kasuwa ta yi kyau. Ka buɗe mata shafi kusa da na 'yarta. Uwa a Shadawanka, 'ya a Ingila, kowacce ana cire mata kusan ashirin cikin ɗari. Bambancin, 'yar in ta kwanta ciwo za ta ga likita ba a ce ta ajiye kuɗi ba, uwar kuwa ko tumatir ya ruɓe a faranti sai ta yanki tikiti, ga kwata a gabanta ba mai yashewa. Da aka zo da maganar ƙara tikiti na huɗu, ka miƙe a taron ofis da littafin nan a hannu ka karanta shafukan biyu, ka ce kai ba za ka karɓa ba. Ba a yi wata ba aka ɗauke ka daga cikin gari aka tura ka karɓar kuɗin kasuwar ƙauye wajen Zungur, kana shekara kusan sittin, kana bin hanya a tsohon babur. A can ka ƙarasa aiki. Tikiti na huɗu dai bai fito ba a wannan shekarar. Khadijatu ta ce Liatu ta zo gaisuwa da kwandon tumatir, ta zauna a tsakar gida tana kuka, ta ce mutum ɗaya ne ya taɓa tambayarta nawa take samu kafin ya miƙo hannu.

Ban ce kai waliyyi ba ne. Kana da taurin kai, ba ka iya magana mai laushi ba, kuma ka yi shekara talatin kana karɓar kuɗin da kai kanka ba ka ga inda yake zuwa ba. Na taɓa jefa maka wannan. Ka ce shi ya sa kake rubuta rasit da takardar kabon a ƙasa, kana sa mutum ya karanta kafin ya tafi, don in wata rana mutanen Bauchi sun tashi tambaya, su sami abin riƙewa a hannu. Ka mutu a gidan da ka gada, da babur ɗin nan, kana jiran fansho.

Saura nawa laifin, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. A shafina gida uku sun cika, na huɗu ba komai. Shekara huɗu kana tambayata: "Tela, me ya rage?" Ni kuwa sai in kawo zancen zafin Jidda, ko in ce layi ba kyau. Ka ce lissafi bai cika ba sai da wannan gidan, don samari suna sayar da kayan sana'arsu suna bin sawuna, kuma da sunana suke kafa hujja. Na sani. Ni na ɗauki hoto da farar jallabiya a jikin motar da ba tawa ba. Ni na bari ana cewa na sayi fili a hanyar Jos. Duk Sallah in an ce Ɗanlarai ya haye, sai in yi shiru, don shirun ya fi gaskiya daɗi. Kira na ƙarshe da ka yi mini cikin azumin bana, muryarka ta riga ta yi ƙasa, ka ce: "Ba don ni ba, ni na gama nawa. Ka faɗa ko ba ni." Na ce in sha Allahu bayan Sallah.

Ba haraji kaɗai ya cinye ni ba, in za a yi adalci. Akwai ciwon mahaifiyata, akwai watanni bakwai na annoba da shago ke rufe, akwai wautata. Amma labarin da ake bayarwa, cewa ka zalunce ni Allah ya azurta ni a ƙasar da ba ta karɓar komai, ƙarya ce daga farko har ƙarshe, kuma ni na ciyar da ita. Ba za a binne ka da ita ba.

Maganar shago, Malam, ka nemi yafiya tun 2018 na hana ka amsa. Na yafe, duniya da lahira. Ni ma ina roƙon taka, ko da yake na makara.

Allah ya jiƙan Malam Babayo, ya yalwata masa kabarinsa, ya sauƙaƙa masa tambaya, ya sa abin da ya riƙe da amana ya tsaya masa ranar da ba wanda zai tsaya wa wani. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Inna Hamsatu, da Khadijatu da ƙannenta, da mutanen Ƙofar Dumi, har da waɗanda suka yi dariya. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Khadijatu, littafin yana hannunki. Ki buɗe shafin da aka rubuta Ɗanlarai tela, Jidda, ki cike gida na huɗu da jan biro irin na mahaifinki, kuma duk wanda ya zo da zancen sayar da kekensa don ya biyo ni, ki nuna masa. Ba gida, ba fili, ba mota. Abin da na tara a shekara goma sha ɗaya da wata huɗu: akwati ɗaya na tufafi, almakashi biyu nawa na kaina, da riyal dubu bakwai da ɗari biyu da arba'in.